Wanda Ya Fara Kwasa Shi Ake Bi Bashi

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara sama da ashirin tana uwar adashe a unguwar Luggere da ke Jimeta. Kowace Juma'a bayan la'asar ni ne mai shimfiɗa tabarmi biyu a gindin darbejiyar tsakar gida, in ɗauko mata langa mai murfi da wani littafin makaranta da ta sa aka ja wa layi da jan biro. Daga nan mata su fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai ƙosan bakin titi, da matar tela, da wata Bayarbiya mai sayar da robobi a babbar kasuwar Jimeta, da wata 'yar Michika mai shagon atamfa wadda ba ta rabuwa da sarƙa mai gicciye a wuyanta. Akwai kuma wata Bafulatana daga cikin garin Yola da ba ta fita, sai dai ta ƙulle zubinta a bakin ƙyalle ta ba ɗan acaɓa ya kawo. A gaisa da Fulatanci, a yi lissafi da Hausa.

Dokokin Goggo ba su da yawa, amma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ba a ƙirga kuɗi a ɗaki. A kan tabarma ake baje su, ta lashi yatsa ta ƙirga da ƙarfi, wata ta karɓa ta maimaita. Kuɗin adashe ba ya kwana a gidanta. Ba wadda ke tsallake layi, ko da haihuwa ce ko rasuwa, sai an tambayi kowace mai zubi ta ce ta yarda. Ita kuma Goggo, duk zagaye, ita ce ta ƙarshe.

Wata rana na ga matar tela ta kwashi na farko, tana ta murna har da guɗa. Bayan an watse na ce wa Goggo lallai wannan ta yi sa'a. Sai ta ce, "Babana," don sunan mahaifinta aka sa mini, "zauna ka yi lissafi. Mu goma ne, kowa dubu ɗaya. Nawa ta zuba?" Na ce dubu ɗaya. "Nawa ta tafi da shi?" Na ce dubu goma. Ta ce, "To dubu tara na wa ne? Bashi ta ɗauka a hannun mata tara, ba shaida, ba jingina. Daga yau har mako tara duk mu muke binta. Wadda za ta kwasa a ƙarshe kuwa, kowa ta ranta wa."

Na girma, na yi karatu, na ji bayanai iri-iri a kan dimokuraɗiyya, amma har yau ban sami wanda ya fayyace mini zaɓe kamar wannan lissafin na gindin darbejiya ba. Ƙuri'a zubi ce. Kowa ya kawo tasa, a haɗa, mutum ɗaya ya kwashe mulkin shekara huɗu gaba ɗaya, har da rabon waɗanda ba su zaɓe shi ba. Me zai sa wanda ya faɗi ya koma gida ya kwanta, ya ci gaba da biyan haraji, ya bi dokar wanda ba ya so? Abin da ke sa mace ta tara ta ci gaba da kawo dubunta kowace Juma'a ne: ta ga an ƙirga a gabanta, ta san layi zai zo kanta, kuma ta yarda wadda ta riga ta kwasa ba za ta daina zubi ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya goce, adashe ya fara wari.

A Adamawa wannan lissafi ya fi nauyi, domin masu zubinmu ba jinsi ɗaya ba ne. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, garin Lamiɗo da malamai da Fulatanci. Jimeta kuwa a bakin kogin Binuwai ta tashi, inda jiragen ruwan 'yan kasuwa ke tsayawa da damina, ta bunƙasa bayan Turawa sun ci Yola a 1901. Bahaushe ya zo da awo, Banufe da kwalekwale, Babarbare, Bayarabe, Ibo, ga Bata da Vere da ke nan tun fil azal, ga 'yan Numan da Ganye da Hong da Michika da Madagali da aikin gwamnati ko kasuwa ya kawo, musamman bayan an yi jihar Gongola a 1976, aka kuma raba ta a 1991. Ƙananan hukumomi 21, harsuna barkatai, masallaci na kallon coci. Mutanen da ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa alƙibla ba, ba abin da zai zaunar da su kan tabarma ɗaya sai amana.

Abin da ya faru a 2023 kowa a garin nan yana tune da shi. An yi zaɓen gwamna ran 18 ga Maris tsakanin Ahmadu Umaru Fintiri na PDP da Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta APC, wadda da ta ci da ita ce mace ta farko da aka zaɓa gwamna a Najeriya. Hukumar zaɓe ta ce bai kammalu ba, kamar yadda aka yi a 2019, aka sa 15 ga Afrilu don ƙarasawa a wasu rumfuna. Daren ranar aka fara tattara sakamako, aka ɗage zuwa washegari. Da safiyar Lahadi 16 ga wata, kafin a koma kan ƙirgar, Kwamishinan zaɓe na jiha, Hudu Yunusa Ari, ya riga malam masallaci: ya zauna a zauren tattara sakamako ya ce Binani ta ci, alhali doka baturen zaɓe kaɗai ta ba wannan hurumin. Hedikwatar INEC a Abuja ta soke sanarwar a ranar, ta dakatar da shi. Ran 18 ga Afrilu baturen zaɓe, Farfesa Mohammed Mele, ya bayyana Fintiri da ƙuri'a sama da 430,000, Binani kuma kusan 399,000. Shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli ta tabbatar da Fintiri a Janairun 2024.

A idon mai adashe, ranar nan uwar adashe ce ta ɗauki langa ta miƙa wa wata tun ba a gama ƙirga ba. An karɓe langar, an mayar kan tabarma, an ƙarasa ƙirga, amma kowa ya riga ya ga abin da ya gani. Magoya bayan gwamna suka tafi da labarin cewa da rana tsaka aka so yi musu fashi. Magoya bayan Binani suka tafi da nasu, cewa tun a zagayen farko aka yi musu aringizo, kuma abin da ya biyo baya rufa-rufa ce. Kotu ta raba gardamar kujera. Gardamar da ke majalisar mai shayi a Doubeli da tashar Jambutu da cikin Keke Napep, wannan ba alƙalin da ya isa ya yanke ta, don ba hujja ake nema ba; kowa ya daina yarda da ƙirgar da ba hannun nasa ya yi ba.

Ni a adashenmu na ji zafin abin. Muna da adashe mu goma sha biyu, tsofaffin 'yan aji ɗaya a sakandare, dubu ashirin-ashirin duk ƙarshen wata, a zauren WhatsApp. Shekara uku muna yi ba a taɓa jin kanmu ba. Da kakar zaɓe ta kama, zauren da aka buɗe don tura shaidar biya ya koma filin daga. Tun daga zaɓen shugaban ƙasa aka fara, wannan na Atiku, wancan na Obi, wani yana kare tikitin Musulmi da Musulmi, wani yana tsine masa. Da aka zo na gwamna, duk da cewa 'yan takarar biyu Musulmi ne, sai aka koma tonon asali: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, su wa suka daɗe suna danne su wa. A makon nan na Afrilu bidiyo ya riƙa shigowa kamar ruwan Agusta, rabinsa ma ba a Adamawa aka ɗauka ba. Sai wani daga cikinmu, wanda ya kwashi na huɗu, ya rubuta cewa shi ba zai ƙara haɗa kuɗinsa da masu zagin mutanensa ba, ya fice. Biyu da ba su kwasa ba suka ce to su ma sun tsaya, kada a cinye musu. Kafin ƙarshen Mayu adashe ya mutu. Wadda ke ta goma sha ɗaya, malamar firamare ce mai 'ya'ya uku, da kwasarta ta yi niyyar biyan kuɗin haya. Wata bakwai tana zubi.

Asarar kuɗinta ta dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ta biyo baya. Ba wanda ya ce wane ya ci amana. Cewa aka yi, "Ai dama irinsu haka suke." Mutum ɗaya ya gudu da bashi, ya fake da siyasa, sai aka ɗora wa ƙabilarsa da addininsa da jam'iyyarsa. Su kuma nasa, da suka ji an haɗa da su, sai suka tashi kare shi, alhali a ransu sun san bai kyauta ba. Haka rabuwar kai take aiki a ko'ina na duba: tana ba macuci mafaka a cikin jama'arsa, tana hana mutanen kirki na kowane ɓangare su ce wa nasu ya yi laifi.

Manyan da muke wannan faɗa dominsu kuwa ba haka suke yi da junansu ba. Atiku Abubakar ya bar PDP ya yi takara a AC a 2007, ya dawo, ya tafi APC a 2014, ya sake dawowa a 2017. Murtala Nyako da PDP ya hau kujerar gwamna, a APC aka tsige shi. A ɗaurin auren 'ya'yansu sahu ɗaya suke zama. Su nasu adashen bai taɓa mutuwa ba.

Abin da ke hana ni yanke ƙauna shi ne na ga garin nan ya yi zubin da ya fi wannan wuya. A 2014 gwamna uku muka yi cikin shekara ɗaya: aka tsige Nyako a Yuli, Fintiri ya riƙe a matsayinsa na kakakin majalisa, kotu ta ba Bala Ngilari a Oktoba. Ana cikin wannan jan-in-ja Boko Haram ta ci Madagali da Michika, ta shiga Mubi a ƙarshen Oktoba. Mutane suka kwararo Yola, wasu a bayan tirela, wasu a ƙasa ta kan duwatsu, wasu sai da suka zaga ta Kamaru. An buɗe sansani a Damare da Malkohi da Fufore, amma mafi yawansu ba sansani suka je ba, gidajen mutane suka shiga. 'Yar Michikan nan mai shagon atamfa, 'yan uwanta sun fi talatin a gida mai ɗaki uku. Ta zo wurin Goggo ba ta ma iya magana ba. Goggo ta ce, "Maman yara, kukan me kike yi? Zaure na nan, ɗakin Babana na nan." Aka kwashe kayana aka mayar ɗakin ƙannena. Mutum tara suka yi wata biyar a gidanmu. Da asuba tsohuwarsu takan ja jikokinta gefe don kada su taka mana tabarmar salla, ran Lahadi kuma Goggo takan sa a ajiye musu abinci har su dawo daga coci. Goggo ba ta san mutanen nan ba. Ta san dai 'yarsu ta yi shekara goma sha ba ta taɓa makara da zubi ba.

A sama ma haka aka yi. Tun Janairun 2012, lokacin yajin aikin cire tallafin mai, a makon da aka kai hari wani coci a Jimeta aka kuma kashe 'yan kasuwa Ibo a Mubi, Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Margee Ensign, ta tara malamai da limaman coci da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa. A cikinsu akwai Imam Dauda Bello da Bishop Stephen Dami Mamza na cocin Katolika. Shekara biyu suna ƙananan abubuwa, irin haɗa samarin unguwanni ƙwallo, Musulmi da Kirista a ƙungiya ɗaya. A lokacin wasu na ganin wasa ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Da 'yan gudun hijira suka cika gari, waɗannan mutanen sun riga sun san lambar wayar juna, sun san wanda in ya ce buhu ɗari ne to ɗari ne. Aka riƙa rabon masara da shinkafa a harabar majami'ar Saint Theresa da ke Jimeta da kuma cibiyoyin Musulmi, mai hijabi da mai gicciye a layi ɗaya, har jami'ar ta ƙiyasta waɗanda aka ciyar sun haura 270,000. A 2015 aka tayar da bam a kasuwar Jimeta a watan Yuni, da masallacin Juma'a na Jambutu a Oktoba, da wata tashar mota a Nuwamba. An yi jana'iza, an yi kuka, amma gari bai juya ya afka wa kansa ba.

Daga baya Bishop Mamza ya gina wa iyalai 86 da ba su iya komawa gida ba matsuguni a Sangere Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe a Afrilun 2021. Ya gina makaranta da coci, ya kuma gina masallaci saboda tsirarun Musulmin da ke cikinsu. Wasu daga cikin mabiyansa sun yi masa ca, ganin irin cocin da aka ƙona a yankin da shi kansa ya fito. Ina ganin wannan shi ne zubi mafi tsada, wanda mutum zai yi alhali nasa na ja masa riga.

Adashen Goggo ma ya taɓa mutuwa, sau ɗaya. Wata ta kwashi na uku ta bi mijinta suka bar gari da dare. Na ga yadda Goggo ta tashe shi, kuma ba da wa'azi ba. Da farko ta sayar da tumakinta biyu da 'yan kunnenta ta cike wa waɗanda ba su kwasa ba, ta ce ita ta kawo matar, ita za ta ɗauka. Sannan ta hana a ambaci garin su matar ko yarenta a tsakar gidanta. "Tana da suna," in ji ta, "ku kira sunanta." Da za a sake farawa mata da yawa suka noƙe, don wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Goggo ba ta yi musu gardama ba. Ta rage zubi daga dubu zuwa ɗari biyu, ta rage mutane zuwa biyar don zagaye ya ƙare cikin mako biyar kowa ya ga ƙarshensa da idonsa. Kwasar farko kuma ta ba Bayarbiyar nan, wadda ta fi kowa ɗaga murya cewa ita ta gama adashe har abada. Sai da aka yi zagaye huɗu a haka kafin a koma dubu.

Idan na ga an tara mutane a otal an yi taron zaman lafiya, an sa hannu a takarda, an saki farar tattabara, ba na raina niyyar. Sai dai wanda aka cinye wa zubi ba jawabi yake jira ba. Jira yake ya ga ƙaramin alkawari ya cika a ranar da aka ce, sannan wani, sannan wani. Ran 30 ga Yulin 2023 matasa suka fasa rumbunan abinci na gwamnati a Jimeta har aka sa dokar hana fita ta awa 24, kamar yadda aka yi a Oktoban 2020. Sata sata ce, kuma 'yan kasuwar da ba su ji ba su gani ba sun yi asara. Amma a bakin mutane da yawa magana ɗaya na ji: in ka jira layi ba zai zo kanka ba. Maganin wannan a kan tabarma yake. Buhu nawa ya zo mazaɓar Luggere, nawa Rumde, nawa Yelwa? A manna sunayen a bangon makarantar firamare, a ƙirga a gaban mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata, musamman a shekarun ambaliya irin 2012 da 2022, da Binuwai ya cika ya shiga gidaje bai tambayi katin jam'iyyar kowa ba.

Nauyi mafi girma yana kan wanda ya kwasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnan da ya ci da ratar ƙuri'a wajen 32,000, mutum kusan 399,000 da suka zaɓi wata suna binsa hanya da asibiti da taki daidai da nasa. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2024 PDP ta lashe kujerun shugabanni 21 duka, kuma haka jam'iyya mai mulki ke yi a kusan kowace jiha, ko wace ce ita. Adashen da hannu ɗaya ke kwasa kowane mako, wa zai ci gaba da kawo masa kuɗi? Haka batun sababbin masarautu bakwai da aka ƙirƙira a Disambar 2024, irin su Fufore da Michika da Madagali da Hong. Na zauna da waɗanda suka yi hawayen farin ciki, suna cewa fiye da shekara ɗari suna zubi sai yanzu layi ya zo kansu, kuma na gaskata su. Na zauna da mutanen cikin Yola da ke jin an yanki jikin masarautar Modibbo Adama ba a shawarce su ba, su ma ba ƙarya suke ba. Wanda ya karɓi sanda yau, akwai Bafulatani da Bahaushe a ƙasarsa da ke kallon yadda zai riƙe su. Shi ma yanzu ana binsa.

Bara na je gidan malamar nan a Karewa. Na yi ta juya yadda zan fara, ita ta sauƙaƙa mini, ta ce, "Malam, in maganar adashe ce, ni na tuba." Na ce ba dubu ashirin ba, dubu biyu ne duk Juma'a, mu biyar, kuma ita ce ta farko. Mu huɗun da muka riga muka kwasa a wancan zagayen mun kuma yarda za mu riƙa mayar mata da nata a hankali. Ta yi shiru, ta ce za ta yi shawara da maigidanta. Bayan kwana tara na ga shaidar biyanta ta shigo zaure. A cikin mu biyar akwai ɗan PDP na a-mutu, akwai wanda har gobe hoton Binani ne a fuskar wayarsa. Ranar Juma'a ba a tura komai a zauren sai shaidar biya.

Goggo ta tsufa yanzu, ido ya yi rauni, langar ma jikoki sun mayar da ita ta zuba gyaɗa. Da na ba ta labari, ba ta ce madalla ba. Ta ce, "Wa ya fara kwasa?" Na ce malamar. "Kai fa, Babana?" Na ce ni ne na biyar. Ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙo hannu.

"Kawo wayar, karanta mini sunayen ɗaya bayan ɗaya, in ji wanda bai zuba na wannan makon ba."